Kumfar da ke fita daga famfon akwatin kifi

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi, waɗanda ke gaggawar yar da famfon lantarkin da ke juya ruwa a cikin akwatin da zarar ya fara fesa kumfa, alhali sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

A nan Zariya, idan hunturu ya kama, busasshiyar iska tana shanye ruwan akwatin har ya sauka kusa da bakin da famfon ke zuƙowa, sai ya riƙa haɗawa da iska. Hakan ta faru da ni, kuma da na ƙara ruwa kumfar ta tsaya. Idan ruwan a cike yake, a cire famfon daga wuta tukuna, a karkata shi cikin ruwa har iskar da ta maƙale wajen farfela ta fice, sannan a wanke soson tace datti, domin toshewarsa ma kan jawo kumfa da ƙara. Wasu famfunan kuwa suna zuwa da siririn tiyo mai shigar da iska, sai kawai a rage iskar da yake shigarwa.

Kada a kunna famfon a busasshe wajen gwaji, domin ruwan ne ke sanyaya shi.

Naka,
Mai karatu daga Samaru, Zariya.