Gwaggonni biyu da gawa a bakin taga

Mutumina,

Wato sai ni zan fara nemanka kenan, ka shiga birni ko flashin babu. Ya sanyin can, ya madam? Ni dai ba gaisuwa ce ta kawo ni ba, wani tsohon fim na kalla shekaranjiya da daddare har yanzu haƙarƙarina ciwo yake don dariya, kuma ba wanda zan ba labari ya gane sai kai.

Arsenic and Old Lace sunansa, na Amurka, baƙi da fari, Cary Grant ne jarumin. Asalinsa wasan dandamali ne da Joseph Kesselring ya rubuta aka fara shi a Broadway, unguwar gidajen wasan dandamali ta New York, a 1941, a shekarar ma Frank Capra ya ɗauki fim ɗin amma sai 1944 ya fito, don an yi yarjejeniya ba za a sake shi ba sai an daina wasan, wasan kuwa ya ƙi ƙarewa mutane na ta tururuwa.

Gayen ya angwance ya biya gidan gwaggonninsa biyu a Brooklyn ya yi musu albishir, yana ɗaga murfin akwatin da ake zama a bakin taga sai ga gawa. Tsofaffin ko a jikinsu! Wai ai taimako suke, duk dattijon da ba shi da kowa sai su ba shi giya da guba a ciki ya huta, goma sha biyu kenan. Ɗan'uwansa Teddy kuma ya ɗauka shi ne tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt, yana can ɗakin ƙasa yana haƙa mashigin Panama, a nan ake binne su, an ce masa zazzaɓin shawara ce ta kashe su.

Wallahi murmushin ɗayar sak na Gwaggo, har yadda take lallashin baƙo ya ƙara loma. Jiya ta miƙo min zoɓo sai da na leƙa kofin, ta ce lafiyarka kuwa? Kar ka kuskura ka faɗa mata, na san bakinka.

Af, angon namu ya fasa tarewa sai bayan sallah, wai fenti bai bushe ba, wata huɗu fa! Kowa ya san kuɗin ne suka bushe.

Akwai wani mugun ɗan'uwan ma da ake ta ce wa ya yi kama da Boris Karloff, jarumin finafinan ban tsoro, yana fusata, ashe a dandamali Karloff ɗin da kansa ya yi rol ɗin. Ka nemo ka kalla, amma ba kana cin abinci ba. Kuma ina cajata da ka tafi da ita?

Naka.