Ku daina ɗora wa fasinja laifin hawa mota a bakin titi

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, Allah ya taimaka.

Wallahi tun daren Talata da na saurari shirin nan naku raina yake a ɓace, na yi ta kiran layin da kuka bayar ba ya shiga, da ya shiga kuma ko sallama ban gama ba aka katse, shi ya sa na ce bari in rubuto ko a karanta ko kar a karanta ni dai na fitar da abin da ke cina. Baƙon nan da kuka kawo da bakinsa ya ce wai duk wanda ya bar tasha ya je ya hau mota a bakin titi in wani abu ya same shi shi ya jawo wa kansa, kuma mai gabatarwa ya ce masa gaskiya ne ranka ya daɗe, ya wuce tambaya ta gaba abinsa. Haba Malam! Ko mutum ɗaya a ɗakin nan bai iya buɗe baki ya tambaye shi me ke korar mutane daga tashar ba? Mu mahaukata ne da za mu ga inuwa da benci mu tafi mu tsaya cikin rana da ƙura da kaya niƙi-niƙi haka kawai?

Ni 'yar kasuwa ce, a Kurna nake zaune, ina sarar atamfa da leshi da shadda a Kantin Kwari ina kai wa masu shaguna a Kaduna, da wannan nake ciyar da marayu. Ba ni da mota, ba na kuma sa ran yi nan kusa, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Kafin ma in ga ƙofar tasha na riga na jigata. Daga Kurna zuwa hanyar Zariya sai ka ratsa garin Kano kaf, ɗan sahu ba zai ɗauke ka kai tsaye ba sai dai ka yi hawa biyu ko uku, in kuma da kaya ne kamar nawa dole shata, ya yanka maka kuɗin da ya ga dama, ka yi magana ya ce Hajiya kin san nawa ake sayar da lita kuwa. To ka isa tasha, tun ba ka sauko ba 'yan kamasho sun yanyame ka, wannan ya fizgi jaka wancan ya ɗauki ƙullin kaya ya yi gaba, dole ka bi kayanka. A nuna maka mota ka leƙa ka ga mutane zaune, a ce Hajiya saura mutum biyu mu tashi, ki biya. Kina biya a rubuta sunanki, sai ki ga waɗanda ke zaune ɗin nan suna zarewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce bari ya sayo ruwa, wancan ya ce zai kama ruwa, shikenan ba za ki sake ganinsu ba sai a cikin wata motar suna zaune suna yaudarar wani. Ashe ke ce fasinja ta biyu ko ta uku. Kuɗi kuwa in sun shiga hannunsu ko za ki yi kukan jini ba sa dawowa. Ranar da ba zan manta ba da hantsi na shiga mota, a ciki na ji kiran azahar, na fita na yi salla na dawo ba a cika ba, akwai wata baiwar Allah kusa da ni da jariri za ta kai shi asibiti a Zariya, yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ta cire mayafinta tana yi masa fifita gumi na zuba a wuyansa, ta roƙe su su ba ta kuɗinta ta nemi wata motar, wani yaro da bai wuce sa'an ɗanta na fari ba ya ce mata in tana sauri ta sayi tata. A gabana aka yi. Wannan matar ce baƙonku yake cewa in ta fita bakin titi ita ta jawo wa kanta?

Sannan in motar ta cika ɗin ma wace irin cika. Kujerar mutum uku a zuba huɗu, gaba mutum biyu ban da direba har yana canza giya yana bugun gwiwar mutum, but a buɗe an ɗaure da igiya hayaƙi na shigowa, an danna mu kamar buhunan albasa, kuma kuɗin kaya daban ne ba ya cikin kuɗin mota. Duk wannan fa a cikin tasha ake yi, a gaban masu rasit da masu hula, ba a bakin titi ba.

Baƙon naku ya fi jaddada maganar takardar nan da ake rubuta suna da lambar wayar ɗan'uwa, wai ita ce kariyar fasinja. Na yarda abu ne mai kyau in da ana bin sa. Amma bari in gaya muku abin da ya faru da ni. Motar tasha na hau, lodin Kaduna, na biya kuɗin Kaduna cif, an rubuta sunana da lambar ƙanena. Mun wuce Kura, mun wuce Ciromawa da Kwanar Ɗangora lafiya lau, muna isa Kwangila a Zariya direba ya faka ya ce kowa ya sauko shi nan ya tsaya, zai haɗa mu da wata mota. Ya sayar da mu kenan. Ya je gefe suna ta ciniki da wani direban, wancan ya ce kuɗin da aka ba shi bai kai ba sai mun cika, kafin mu ankara namu direban ya juya kan motarsa ya kama hanyar Kano. Muka tsaya da kaya a ƙasa har aka kira magariba, ƙarshe sai da kowa ya ƙara kuɗi sannan aka kwashe mu, ba mu shiga Kawo ba sai bayan isha'i, ina ta addu'a tun daga Jaji har Mararrabar Jos don kowa ya san hanyar nan ba ta dare ba ce. To ina tambaya, da wani abu ya same mu tsakanin Zariya da Kaduna, takardar da ke Kano lambar wace mota ke jikinta? Motar da ta riga ta koma gida. Wa zai kira ƙanena? Da na dawo na je na kai ƙara a tashar, aka ce in yi haƙuri za a bincika, har yau ana bincikawa.

Kuma abin da ba ku sani ba ko kuka ƙi faɗa, direban da ke lodi cikin tasha yau shi ne gobe za ka gani a bakin titi wajen Na'ibawa ko Kwanar Dawaki yana kiran Zariya Kaduna. Wani dattijon direba da nake yawan hawa motarsa ya ce min Hajiya kafin in fita ƙofar tasha an cire la'ada, an cire na tikiti, ɗan kamasho ya karɓi nasa, ga layi da zan bi wani lokaci in kwana ban yi lodi ba, a hanya kuma duk shingen da na tarar sai na miƙa, mai mota na jiran balas da yamma, ki gaya min a ina zan fitar in ba a jikinku ba. Shi ya sa in ya fita waje yake rage mana kuɗi kuma ya tashi da wuri, shi ya samu mu mun samu. Mutum ɗaya ne, mota ɗaya ce, bambancin kawai waɗanda ke zaune a inuwa suna karɓa ba su samu nasu ba, kuma ni a ganina wannan ne ainihin abin da ke damun baƙon naku, ba ranmu ba.

Kar a ce ina cewa hawa a bakin titi alheri ne. Na san haɗarinsa sarai, 'yar maƙwabciyata da ke aiki a Abuja 'yan wan cans, wato ɓarayin nan da ke ɗaukar mutane da sunan motar haya, sun taɓa ɗaukarta suka ƙwace waya da katin banki suka jefar da ita a gefen hanya, Allah ne ya yi da sauran kwananta. Duk sanda na tsayar da motar da ban sani ba sai na leƙa fuskokin da ke ciki, in ban ga mace ko tsoho ba ba na shiga, in na shiga kuma bakina bai daina addu'a ba har in sauka. Da tsoronmu muke hawa. Amma in zaɓi ya zama tsakanin in zauna a tasha har la'asar dare ya riske ni a hanya, da in tari motar da ta riga ta taso in isa da rana tsaka, wallahi ta biyun zan ɗauka, kuma don tsira da raina zan ɗauke ta.

Tun 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai ba mu sake samun sauƙi ba, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 har ta wuce 1,000. Kuɗin da a da zai kai ni Kaduna ya dawo da ni yanzu da ƙyar ya kai ni. Mai neman ragin ɗari biyar a bakin titi ba rowa ke damunsa ba, cefanen gidansa yake karewa. Cikin gari ma haka, an hana acaɓa a Kano tun Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, mun fahimci dalili ba mu ja ba, amma me aka ba mu a madadinsa? Bas-bas ɗin haya da tasi da muka taso muna hawa duk sun ɓace, an bar gari guda mai miliyoyin mutane a hannun adaidaita, abin da zamanin Malam Shekarau aka kawo don mata su samu sutura, yanzu ga shi ana cusa mu da maza har gefen direba. Da suka yi yajin aiki a Janairun 2022 kowa ya ga yadda Kano ta koma, tsofaffi da ɗalibai da masu ciki suna taka sayyada daga unguwa zuwa unguwa. Jirgin ƙasan Kano zuwa Kaduna da aka aza harsashinsa a 2021 muna nan muna jira, da yana aiki wa zai tsaya yana cacar baki da ɗan kamasho. Duk wannan ba wanda ya taɓo a shirin, minti nawa kuka ɓata ana yi mana wa'azin mu dinga shiga tasha.

Abin da nake roƙo, dan Allah ku dawo da mutumin nan, ku zaunar da shi da direba ɗaya da fasinja ɗaya, mace in so samu ne, ku buɗe layi ku bar mutane su yi magana ba tare da an katse su ba. Kafin ranar ku tura wakilinku tasha ba tare da rigar aiki ko abin ɗaukar murya a hannu ba, ya biya kuɗin Kaduna kamar kowa ya zauna ya ga ƙarfe nawa za su tashi da mutum nawa za a zuba a kujera, ya zo ya faɗa da bakinsa.

Sai kuma maganar tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa dab da labaran yamma, tun da dai na riga na ɗauki waya bari in faɗa. Wallahi kalmomin da suke furtawa ba su dace a ji su a gidan mutunci ba, lokacin nan yara duk suna tsakar gida ana cin abinci, sai dai in yi wuf in rage murya, ranar nan ƙaramar jikata har tambayata ta yi ma'anar wata kalma na rasa inda zan sa kaina. In ba za ku iya dainawa ba saboda kuɗin talla ku mayar da shi can cikin dare, ko ku sa su gyara bakinsu.

Ina jiran in ji an karanta wannan a shirin Talata mai zuwa, kuma a karanta shi duka kar a yanke wajen maganar la'ada.

Taku mai sauraro a kullum,
daga Kurna, Kano.