Zuwa Ga Auta, Kan Maganar Kyamara

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, sanyin Gembu, can kan tsaunin Mambilla, bai kayar da kai ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar Ummanka ta yi sauƙi, har ta koma Islamiyya.

Yayarka ce ta gaya mini kana tara alawus ɗinka na bautar ƙasa za ka sayi kyamara. Ban ji daɗi ba da sai a bakinta na ji. Mutumin da ya ciyar da ku, ya tufatar da ku, ya biya kuɗin makarantarku da ɗaukar hoto, shi ne za a ɓoye wa maganar kyamara? Na san kana zaton zan hana ne. Ba zan hana ba. Amma a waya in na fara magana sai ka yi ta "to Baba, to Baba" har kati ya ƙare, shi ya sa na zauna na rubuta, don ka karanta ka sake karantawa.

Ƙarama za ka saya, wadda take shiga aljihun riga, ka danna ta yi sauran aikin da kanta. Kada mai shago ya ruɗe ka da yawan megafiksel, wato ma'aunin yawan ɗigo-ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto. Mai 12 ma ta isa a wanke hoton da za a rataye a falo. Abin tambaya shi ne girman sensa, ɗan faifan nan na ciki mai karɓar haske, wanda ya gaji fim. Da rana tsaka kowace kyamara gwana ce. Sai magariba ta yi, ko ka shiga aji mai taga ɗaya da ɗalibanka, ko hazon nan naku ya sauko, sannan ƙaramar sensa take tona asirin kanta: fuska ta yi dishi-dishi, launi ya dagule. A 2012 Sony ta fito da RX100 mai sensar da ake kira inci ɗaya, wadda ta ninka ta ƙananan kyamarori kusan sau huɗu, Canon ma ta biyo baya da G7 X a 2014. Sababbinsu ba naka ba ne. RX100 ta baya-bayan nan, ko ka haɗa naira 77,000 ɗin da ake ba ku na wata goma sha biyu, ba za ta zo hannunka ba. Ta farko ko ta biyu, ta hannu, in an dace da mai lafiya, za ta yi maka duk abin da kake so.

In kuwa kuɗinka bai wuce na tsofaffin nan na shekarun 2000 ba, waɗanda samari da 'yan mata suka tayar wa farashi don yayi, gara ka riƙe wayarka. Wajen katin ajiye hotuna, wasu tsofaffin Sony katin Memory Stick suke ci, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma katin xD, duk an daina yayinsu, za ka sha yawo kafin ka samu. Casio ma ta bar yin irin waɗannan kyamarori tun 2018. Ka tsaya a kan mai cin katin SD, wadda kuma ake iya yi mata caji da igiyar USB, tun da ka ce wuta ba ta da tabbas a wurinku. Batir biyu za ka saya, don sanyi yana shanye caji.

Kayan hannu ba a sayensa da ido kawai. Ka kunna ka kashe sau da yawa, kana sauraron yadda idon kyamarar yake fitowa yana komawa. In ka ji ƙarar yashi ko ya ɗan tsaya a hanya, ajiye musu kayansu, ƙura ta riga ta shiga, kuma ita ce ajalin irin waɗannan. Ka haska fitilar wayarka cikin gilashin, ka karkata shi. In ka ga wani farin zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ba ta gyaruwa da araha. Ka zuƙo har ƙarshe ka ɗauki farin bango, ka buɗe hoton ka duba ko akwai ɗigon da ba ya motsi. Batirin kuma ka ciro shi ka ɗora a kan tebur ka juya shi da yatsa, in ya yi ta juyawa to ya kumbura. Can wurinku damshi ne abokin gaba, don haka ka ajiye ta cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci.

An ce wadda ka ƙwallafa rai a kanta ita ce mai zuƙowa sau 40, irin Canon SX740. A matsayina na mai sana'a zan iya ce maka sensarta ƙarama ce, kuma in ka zuƙo nesa haka hannu yana rawa, hazo yana cinye hoton. Duk gaskiya ne. Amma ko da ta fi kowace kyau a duniya, ban yarda ka riƙe ta ba.

Na ga hoton da ka sa a WhatsApp ranar da kuka hau tsauni daga Mayo Selbe, wanda ka ɗauka ta tagar mota. Kowa yana ta yabon dutse da gajimare. Ni gefen hoton na kalla. Akwai durom biyu a kan titi, da buhunan yashi, da rabin kafaɗar mutum cikin kaki. Auta, shinge ka ɗauka! Da waya ka yi, Allah Ya rufa asiri ba wanda ya lura. Ka ɗauka ranar da ka fito da kyamara, idonta ya miƙe waje, ba za a lura ba?

Ka san abin da ya sami kawunka. Kana ƙarami, amma ka ga yadda aka dawo mana da shi, ka kuma san dalilin da har yau ba ya zama a gaban mota. Shi ma cewa ya yi gada kawai yake ɗauka.

Tun 1962 akwai dokar sirrin gwamnati a ƙasar nan da ta taɓo ɗaukar hoton wuraren tsaro, amma ni ba kotu nake jin tsoro ba. Ina tsoron abin da zai faru a bakin hanya kafin a kai ga kotu, inda ba wanda ya san ɗan wane ne kai. Kuna dab da iyakar Kamaru, kuma ka fi ni sanin cewa rikicin yankinsu na masu Turancin Ingilishi ya koro mutane har cikin Taraba. Wanda yake tsaye a shingen nan shi ma ɗan wani ne. A tsaye ya kwana, wataƙila ya binne abokan aikinsa, duk baƙon da ya nuna shi da wani abu ba zai tsaya tambayar niyyarsa ba. In ya karɓi kyamarar ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya tarar ka jawo ƙofar bariki daga nesa, ko eriya, ko motar sintiri, da wane baki za ka yi bayani? Hoton da aka ɗauka daga nesa ba da sanin mutum ba, sunansa leƙen asiri a wurin mai tsoro. Kakin bautar ƙasa da kake taƙama da shi ba kullum yake ceto ba.

Wallahi abin ya ba ni haushi. Ka yi digiri, kana koyar da 'ya'yan mutane, amma hankalin da direban motar da ka shiga yake da shi ya fi naka, don shi ya san inda ake rage murya a kashe rediyo. Ko tunanin Ummanka ba ka yi ba? Matar da in wayarka ta ƙi shiga sau ɗaya sai ta kasa cin tuwo? Ban nuna mata gefen hoton ba, kuma kada ka sa in nuna mata.

Kun daɗe kuna cewa na hana ku gadon sana'ata, na kore ku daga situdiyo na tura ku boko. Na ji, ko ba a gabana ake faɗa ba. Ni na ga lokacin da masu zuwa wankin hoto suka fara raguwa, na ga ranar da aka daina tambayar dodon hoto. Kodak da kanta, da duk girmanta, ta durƙushe a 2012, balle ɗan shagona. Ban so ku dogara da abin da nake kallo yana mutuwa ba, kuma na ga abin da kyamara ta jawo wa ɗan'uwana. In wannan laifi ne a wurinku, Allah Ya san zuciyata.

Duk da haka, da na ga yadda ka jira haske ya faɗo a kan gonar shayin Kakara kafin ka danna, na san idon yana nan a jininka, kuma raina ya yi fari. A cikinku duka kai ne ka ɗauko shi. Shi ya sa nake so ka daɗe kana ɗauka.

Saboda haka mai gajeriyar zuƙowa za ka saya, sau uku ko huɗu ya isa. Ita za ta tilasta maka ka taka da ƙafarka, ka yi sallama, ka nemi izini. Makiyayi ne, ka gaishe shi ka tambayi lafiyar shanu kafin ka ciro ta. Matar aure ce, ka bar ta sai da yardarta da ta mutanen gidanta. Wanda ka ɗauka, ka wanke ka kai masa nasa. In za ka yi tafiya kuwa, daga tasha har inda za ka sauka, tana ƙasan jaka a kashe. Shinge, bariki, ofishin 'yan sanda, gada, bakin iyaka, ko wayarka kada ta fito. Wancan hoton kuma ka goge shi yau, daga wayar da duk inda ka tura shi.

Kada ka tura wa kowa kuɗi ta intanet a kan kyamarar da ba ka riƙe a hannunka ba. In za ka iya haƙuri har hutun Sallah, sai mu shiga kasuwa tare, ni zan gwada maka, zan kuma cika maka abin da ya rage. Jakar fatar nan tawa tana nan, na sa an gyara mata zip.

Ummanka ta ce ka turo hotonka kai kanka, tsaye, ta ga ko ka rame, ta gaji da ganin duwatsu. Ta ce kuma ka taho mata da ganyen shayi. Ka gaishe da shugaban makarantarku da mai gidan da kake zaune. In ka goge hoton ka kira ni ka gaya mini da bakinka.

Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.