Kacala na cinye mana fadama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi kuka kan ciyawar kacala da ta toshe koguna da fadamun Haɗeja, Guri da Nguru.

Ni manomin shinkafa ne, mahaifina kuma masunci. A zamaninsu ruwa kan yi ambaliya da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, ruwa ke kwanciya a wasu wurare shekara zagaye, kuma abin da kacala ke so ke nan. Yau ta fi tsayin mutum, kwale-kwale ba ya ratsa ta, raga ba ta shiga. A cikinta jan-baki ke kwana, gari na wayewa su sauka a kan shinkafarmu. Ga sauro, ga katantanwar da ke yaɗa tsargiya ga yaranmu.

Ƙonawa ba ta kashe ta, domin saiwarta na ƙarƙashin laka. Masu bincike sun nuna cewa idan aka yanke ta ƙasa da saman ruwa, iska ba ta isa saiwar, sai ta ruɓe. A bakin kogin Senegal har gawayin girki ake yi da ita. Wannan ilimi ya kamata ya fito daga jami'o'i ya iso bakin ruwa.

Ina roƙon gwamnatocin Jigawa da Yobe su tallafa wa binciken, su kuma ɗauki matasanmu aikin yankan kafin damina.

Wassalam,
Wani manomi daga Guri, Jihar Jigawa