Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi Masu Noman Ganye a Ruwa

'Yan'uwa mambobi, assalamu alaikum.

Kamar yadda babban taron bara ya ɗora wa kwamiti, ƙarfin aikinmu na bana ya tafi ne kan ƙarafa masu guba da ke shiga ruwan da muke rainon latas da alayyahu a ciki. Tarukan wata-wata da rajistar sabbin mambobi sun gudana yadda aka saba.

A bitar farko mun tattauna dalilin da ya sa matsalar ta fi shafar irin nomanmu. Mai shuka a ƙasa, laka da ruɓaɓɓen taki suna riƙe masa wani kaso na gubar. Mu kuwa saiwa tana tsamo-tsamo cikin ruwa dare da rana, kuma ruwan mai ɗan tsami ne, ma'aunin tsaminsa (pH) 5.5 zuwa 6.5, wanda ke taimaka wa ƙarafa su zauna a narke. Duk abin da ya shiga tanki, ya isa bakin saiwa.

Mun fi daɗewa kan kadmiyam, ɗaya daga cikin ƙarafan nan masu guba, kuma ya cancanci haka. Yana bin ƙofar da saiwa ke zuƙar baƙin ƙarfe da tutiya, daga nan ya haura cikin ganye, wato inda ake ci. Idan ya yi yawa saiwa takan yi duhu ta daina tsawo, sabon toho ya ɗashe ya koma ruwan ɗorawa, shuka ta tsumbure. Sai dai ba nan take take nunawa ba. Tana haɗa wasu sinadarai masu sulfa da ke ɗaure ƙarfen su killace shi cikin ƙwayoyin halittarta. Shi ya sa latas zai iya zama kore shar, gwanin sha'awa, alhali abin da ke cikinsa ya wuce kima. Wannan ne ya fi tayar mana da hankali, domin da yawanmu da ido muke tantance amfaninmu. Wanki da dafuwa ba sa kawar da abin da ya riga ya zauna cikin ganye, kuma kadmiyam yana taruwa a ƙoda shekara da shekaru. Dalma ta fi maƙalewa a saiwa, amma ɗan abin da ya haura ma illa ne ga ƙwaƙwalwar yara.

Saboda haka kwamiti ya amince da ma'aunin Codex, ƙa'idojin ingancin abinci na hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na abinci da noma (FAO) da na lafiya (WHO): a kowane kilo na ɗanyen ganye, kada kadmiyam ya wuce miligiram 0.2, dalma kuma 0.3.

Mun kuma zagaya gonakin mambobin da suka gayyace mu, muka duba mafarin ruwa, takin fosfet wanda kan zo da kadmiyam tun daga dutsen da aka haƙo shi, da tsofaffin bututun ƙarfe da kawunan famfo na tagulla. Mun gode musu ƙwarai da suka buɗe mana ƙofa.

Inda muka gaza shi ne gwaji. Kaɗan ne suka kai samfur ɗakin gwaje-gwaje, kuma laifin har da na kwamiti, don ba mu tsara tattarawar da wuri ba. A baɗi za a riƙa haɗa samfuran ruwa da na ganye a tura gaba ɗaya don kuɗin ya yi sauƙi. Mai so ya ba da sunansa kafin taro na gaba.

Sakatare,
a madadin kwamitin zartarwa