Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Farfaɗo da Tsofaffin Kwamfutoci, Ringim

Malam Shugaba, dattawanmu, 'yan kwamiti da sauran 'yan uwa membobi, assalamu alaikum.

A taron bara mun yanke shawarar dakatar da sayen sababbin kaya daga hannun 'yan gwangwan da 'yan gwanjo na Kano, domin mu fuskanci tarin na'urorin da suka riga suka cika mana kanta suna shan ƙura. Wasu daga cikinmu ba su ji daɗin shawarar ba, musamman da aka ga wata tsohuwar kwamfuta ƙirar Amiga a Sabon Gari aka bar ta ta wuce, amma a ganina ita ce ta sa bana muke da abin nunawa.

Zan fara da asarar da muka yi, domin kada ta ɓace a cikin labari mai daɗi. Kwamfutarmu Commodore 64, wadda kamfaninta ya fara fitar da irinta a 1982, ta lalace a hannunmu cikin bazara. An jona ta ne da tsohon akwatin wutarta ba tare da an sa mita an auna abin da yake fitarwa ba. Wannan akwati ya kamata ya ba da bolt 5 daidai, to amma idan ya tsufa yakan zarce hakan, kuma ƙananan sassan da ke riƙe ƙwaƙwalwar na'urar ba sa jure ƙari. Muna zaune allon ya cika da tarkacen haruffa, sannan ya yi baƙi, da aka taɓa sassan kuwa sai aka ji biyu sun yi zafin da yatsa ba ya iya daɗewa a kansu. Ba zan ambaci wanda ya jona ba, domin dukkanmu muna wurin kuma babu wanda ya ce a dakata. Tun daga ranar kwamiti ya kafa doka cewa ba za a kunna kowace na'ura ba sai mutum biyu sun ga awon mita da idonsu, kuma ba za a ƙara amfani da wutar janareto kai tsaye ba, sai ta batir da inbata na solar da Alhaji ya ba mu aro.

BBC Micro ta kamfanin Acorn, ƙirar Ingila ta 1981, ta tashi lafiya bayan an canja mata kafasitocin sashen wuta, wato ƙananan sassa masu riƙe caji da tace wuta, waɗanda aka san suna tsagewa su tayar da hayaƙi mai wari idan sun tsufa. Yanzu tana aiki da talabijin ɗinmu mai ƙusumbi.

Aikin da ya fi cin lokacinmu, kuma ya fi ba mu riba, shi ne na ZX Spectrum mai ƙwaƙwalwa 48K, wadda kamfanin Sinclair ya fitar a 1982. Ledar da ke ƙarƙashin madannanta ta bushe ta kakkarye, kamar yadda takan yi, sai da aka samo wata. Daga nan muka shiga matsalar loda shiri, wanda a kaset ake ajiye shi a matsayin sauti, domin rikodar kaset ɗinmu tana tauna zare. An koma kunna sautin shirin daga wayar hannu, amma muryar wayar ta yi wa na'urar ƙasa, har sai da ɗaya daga cikin matasanmu mai gyaran rediyo ya haɗa ɗan ƙaramin amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti a tsakaninsu. Ranar da layukan nan masu launi suka fara rawa a gefen allo, shirin kuma ya shiga bayan kusan minti biyar ana jira, har mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ya ga abin da ya jawo kabbara.

Da na'urar ta zauna, sai muka buɗe ajin BASIC, wato harshen rubuta shirin kwamfuta, ga yara kowace Asabar bayan la'asar. A nan ne wata yarinya 'yar aji biyar ta yi tambayar da ta canja mana tsarin darasi gaba ɗaya: ta rubuta sunan ƙanenta, sai ta ce ina ƙa mai lanƙwasa? Babu ita a madannai, kamar yadda babu ɓa da ɗa. Sai dai Spectrum tana ba mai amfani da ita gurbi 21 da zai zana haruffan kansa, kowanne a cikin fili mai ɗigo takwas a tsaye da takwas a kwance. Yaran suka ja layuka a takardar lissafi, suka cike gidajen da fensir, suka mayar da kowane layi lamba tsakanin 0 da 255, sannan suka shigar da lambobin da umarnin POKE, wanda ke ajiye lamba a ƙwaƙwalwar na'ura. Ƙugiyar ɗa ce ta fi ba su wahala, domin a ɗigo takwas da wuya a bambanta ta da harafin da mara ƙugiya, kuma sun yi gardama a kanta mako biyu kafin su daidaita. Yanzu muna da ɓ, ɗ, ƙ, manya da ƙanana, gurbi shida ke nan. Malam ya nemi a gwada ajami da gurabu 15 da suka rage, amma tun da yawancin haruffansa suna sauya siffa a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, kuma rubutun daga dama yake tafiya, guraben ba za su isa ba, don haka mun ajiye batun sai mun ƙware a harshen injin Z80, wato ƙaramin sashen da ke sarrafa umarni a cikin Spectrum.

Game da Z80 ɗin kuwa, kamfanin Zilog ya sanar a 2024 cewa zai daina ƙera shi a tsohuwar siffarsa, saboda haka kwamiti yana roƙon kada a jefar da kowane mataccen allon cikin na'ura kafin a duba ko yana ɗauke da shi.

Kuɗin wata bai shigo yadda ya kamata ba a lokacin damina, abin da ba mu yi mamakinsa ba tun da kowa yana gona. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla bayan wannan rahoto. Abubuwan da muke neman amincewarku a kansu su ne sayen sabon akwatin wuta da sassan ƙwaƙwalwa na Commodore, da ɗinka wa kowace na'ura rigar yadi kafin hunturu ya shigo, da kuma samun mutum ɗaya da zai riƙa taimaka wa ajin Asabar, domin yaran sun fi ƙarfin malami guda.

Wassalam.
Magatakarda, a madadin kwamiti.