A Fara Kai Malamai Gidan Tarihi Kafin a Kai Yara

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman ɗan fili a shafin wasiƙu domin in miƙa kira ga ma'aikatar ilimi, da ma'aikatar al'adu, da sifetocinmu na jihar Maradi. Kiran nawa shi ne a shirya wa malaman firamare horo na musamman a gidan tarihi, a koya musu yadda ake karantar da yaro da kayan da hannun ɗan Adam ya ƙera, tun daga riga mai aiki har tukunyar ƙasa. Ni malami ne, na daɗe ina riƙe da ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, kuma ina cikin masu jagorantar zaman CAPED a sashenmu, wato haɗuwar da malamai ke yi domin ƙara wa juna sani. Daga cikin aji na ɗauko abin da zan faɗa.

Gidan tarihi na ƙasar Nijar da ke Yamai an buɗe shi a 1959, shekara guda kafin samun mulkin kai, kuma yana ɗauke da sunan Bubu Hama. Wannan bawan Allah, kafin ya zama shugaban majalisar dokoki, malamin makaranta ne, alli ya fara riƙewa. A gidan akwai ɗakin tufafin al'ummomin ƙasar nan, da kayan kiɗa, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a hamada, da itacen nan da ya tsaya shi kaɗai a hamadar Tenere har mota ta kayar da shi a 1973. Akwai kuma rumfunan masu sana'a, inda maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa ke aiki a gaban mai kallo. Wannan ɓangaren ya fi kwanta mini a rai, domin mutum yana ganin abu yana kuma ganin hannun da ke yinsa.

To amma duk malamin da ya taɓa raka ɗalibai irin wannan ziyara ya san yadda take kasancewa. Yara na shiga sai su nufi ɓangaren namun daji na gidan, wurin zakuna da dorina. Malam yana biye yana ƙidayar kawuna kada wani ya ɓace. In an shiga ɗakin tufafi, sai a ratsa shi kamar ana ratsa kasuwa, a fito ta ɗaya ƙofar. A dawo gida, a ba yara aikin rubutu a kan tafiyar, kowa ya rubuta cewa ya ga zaki kuma ya sha lemo. Ba na ganin laifin malamin. Ba a taɓa tsayar da shi a gaban riga ɗaya aka ce ya dube ta har ya gano abin da zai tambayi yaro a kanta ba, ta ina zai fara?

Ga kuma nisa. Tsakanin Maradi da Yamai ya haura kilomita 600, kuma ajin da ya wuce yaro sittin ba baƙon abu ba ne a nan. Iyaye nawa ne za su iya biyan kuɗin mota da kwana da abinci? Yaron Dakoro ko Mayahi ko Gidan Runji mai yiwuwa ya gama firamare bai taɓa wuce babban garin gundumarsu ba. Malami kuwa, in aka kai shi sau ɗaya aka horar da shi da kyau, kowace shekara sabon aji zai same shi, har ya yi ritaya. Shi ya sa na ce a fara da malamai.

Abin da nake nufi da horo ba zama a ɗakin taro ana karanta wa mutane takarda ba ne. A ɗauki malamai kaɗan, a zaunar da su a gaban abu guda, a ce babbar riga mai aska takwas. Kada a yi musu bayani tukuna. A bar su su duba na ɗan lokaci, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani kawai. Wani zai ce ya ga askake, wani ya ƙirga su, wata ta lura cewa aikin ya fi yawa a gefen aljihu, wani ya ga inda zare ya canza launi. Daga nan a shiga tambayoyi. Da me aka yi ta? Hannu nawa ta bi kafin ta zama riga, daga mai noman auduga, zuwa mai kaɗi, zuwa masaƙi, zuwa marini, zuwa mai zane, zuwa mai ɗinki, zuwa mai bugu? Wa ke sa irinta, a wace rana? Me ya sa wuyan ya fi sauran jikin ƙarfi? Sai bayan nan ma'aikacin gidan ya faɗi abin da ya sani. A ƙarshe kowane malami ya zana rigar a takarda, ya rubuta mata bayani na layi uku, da Hausa da Faransanci. Malamin da aka yi wa haka da kansa zai iya yi wa yara, ko da ƙwarya ce ya aro daga ɗakin uwargidansa.

Na gwada wannan a ajina da jakar fata ta dukawan garin nan. Yaran da ba sa ɗaga hannu a darasin Faransanci su ne suka fi magana, domin abin daga gidajensu ya fito. Wani yaro da ubansa ke jima ya tashi ya bayyana wa aji yadda ake cire gashi, da yadda ake jiƙa fata a ruwan bagaruwa, da yadda karan dafi ke ba da jan launi. Da ya gama sai na ɗora a kai, na ce musu fatar jar akuyar Maradi sananniya ce har a ƙasashen waje saboda laushinta da ƙarfinta. Darasin kimiyya da na tattalin arziki da na magana a gaban jama'a duk suka fito daga jaka ɗaya.

Kada wani ya ce manhaja ta cika, babu wurin ƙari. Ba sabon darasi nake nema ba. A lissafin azuzuwan ƙarshe na firamare akwai siffofi da daidaiton ɓangarori, kuma babu inda yaro zai ga daidaiton ɓangarori a fili kamar a zanen dagi da ke jikin soro, ko a faifai, ko a zanen ƙwarya. A kimiyya, a kai malamai marina su ga yadda ake haɗa baba da toka, su ga ƙyalle ya fito daga rami da ɗan kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsu. Wannan aikin iskar da muke shaƙa ne, kuma yaron da ya gani ba zai manta ba. A tarihi, muna koya wa yara cewa sarakunan Katsina ne suka kafa mulkinsu a Maradi bayan jihadin farkon ƙarni na 19, Gobirawa kuma suka zauna a Tibiri, sannan ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa gari ya tashi daga kwari ya hau tudu. Yara na haddace wannan domin jarrabawa. Da za a nemi izinin fadar Mai Martaba Sarkin Katsinan Maradi da ta Sarkin Gobir a Tibiri, malamai su je su ga tambura da kakaki da kayan doki, a gaya musu wanda ke kula da kowanne da lokacin da ake fito da shi, da darasin ya samu jiki.

Na san akwai iyaye da malaman addini da ke ɗari-ɗari da gidan tarihi, suna ganin wurin gumaka ne. Ban raina wannan damuwar ba, ni ma uba ne. Amma mafi yawan fasahar da muka gada a cikin musulunci ta girma. Allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani fasaha ce. Rubutun alarammomi da tawadar da suke dafawa da kansu, da gafakar da ake sa littafi, duk fasaha ce. Masallacin Agadas mai hasumiyar ƙasa ta mita 27 yana cikin tsohon garin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013. Masallacin Yama a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 da ƙasa da itace, ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Bahaushe ne ɗan ƙauye, da ilimin da magina ke gadar wa juna ya yi aikin da duniya ta yaba. Malaman firamare nawa ne suka taɓa nuna wa yara hotonsa? Horon da nake nema shi zai ba malami kalmomin da zai yi wa uba bayani cikin ladabi, ya bambanta masa tsakanin duba abu domin sanin tarihinsa da kuma bauta masa.

Akwai wani dalilin da ya fi damuna. A 1975 aka gano wurin tarihi na Bura a yammacin ƙasar nan, masanin kayan tarihi Bube Gado ya tone shi a 1983, aka samu tukwanen binne mutane da siffofin yumɓu, har da na mahayin doki. Da labari ya bazu sai masu haƙar sata suka far wa yankin, kaya suka yi ta ficewa zuwa Turai, har sai da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari. A ƙauye, in manomi ya tono tsohuwar tukunya ko ƙarfe a gonarsa, sau da yawa malamin makaranta ne mai karatun boko na farko da zai ji labari. In ya san cewa ba a fasa irin wannan, ba a wanke shi, ba a sayar wa baƙo, kuma ya san hukumar da ake sanarwa, to ya tsare wa ƙasa abin da ba a sake yin irinsa.

Ga yadda nake ganin za a yi ba tare da kashe dukiya mai yawa ba. A lokacin hutu a zaɓi malamai daga kowane sashen sifeto, maza da mata, har da 'yan kwantiragi, domin su ne suka fi yawa a azuzuwan karkara kuma su ake yawan mantawa. A kai su Yamai su yi 'yan kwanaki tare da ma'aikatan gidan tarihi. In sun dawo, su maimaita wa 'yan'uwansu a zaman CAPED. Wani lokacin kuma ma'aikatan gidan su zo nan, ko a haɗu a gidan tarihi na Damagaram da ya fi kusa da mu. A makarantar horar da malamai ta Maradi a ware ɗaki guda a tara kayan sana'o'in jihar, kowanne da bayaninsa, malaman Jami'ar Dan Dikko Dankulodo su taimaka wajen rubutawa da adanawa, domin gara da rana da danshi ba sa barin fata da saƙa. Daga ɗakin a haɗa akwatuna masu yawo, kowanne da 'yan kaya da hotuna, irin su hoton raƙuman dawa na Dabus da aka sassaƙa a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, makaranta ta ara ta mayar.

Sai maganar masu sana'a, wadda ba na so a yi wasa da ita. In an kira baduku ko marini ko mai ginin tukwane domin ya koya wa malamai, a biya shi kamar yadda ake biyan duk mai ba da horo, a rubuta sunansa a takardar taron, a ba shi kujera a gaba. Na sha ganin an kira dattijo ya bar aikinsa na yini, an ɗauki hotonsa, an sallame shi da godiya kawai. Yaran da ke kallo suna gane darajar da muka ba sana'ar iyayensu daga irin wannan.

Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, za a buƙaci abin karantawa da abin tattaunawa da Hausa a aji, kuma sunayen kayan sana'a da matakan aikinsu suna bakin tsofaffin Mokoyo da Bagalam da 'Yandaka. Malamin da aka horar shi zai je ya zauna da su ya rubuta.

Mu a sashenmu mun yanke shawarar ba za mu zauna jira ba. A zamanmu na gaba kowane malami zai zo da abu ɗaya na hannu daga gidansa ko unguwarsa, mu gwada tambayoyin nan a kansa. Ya Edita, ina roƙon ka turo wakilinka ya ga yadda za ta kaya, ya kuma tambayi hukumomin ilimi da na al'adu ko akwai wurin irin wannan horo a kasafin shekara mai zuwa.

Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Malamin firamare,
Unguwar Zariya, Maradi